Firigon allura a ƙasar Maraɗi: yadda aka koyi tuhumar ma'aunin zafi

A watannin Afrilu da Mayu, idan bazara ta nuna, zafin rana a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40. Cikin wannan zafi ne ake son ƴar kwalbar allurar rigakafi ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, tun daga ma'ajiyar Yamai har ta isa ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Ma'aikatan lafiya na karkara sun shafe shekaru suna wannan kokawa, kuma wanda ya fi ba su wahala a cikinta shi ne ma'aunin da ke faɗa musu ko sanyin ya yi daidai.

Da farko lamarin da sauƙi. A 1967, da aka soma gagarumin yaƙi da agana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar, maganin lambar busasshe ne, yana jure digiri 37 har wata guda. Amma ayarin masu lamba ya zo da allurar ƙyanda, ita kuwa ba ta shiri da zafi ko kaɗan. Agana ta ɓace daga yankin a 1970, ƙyanda ta zauna daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin rigakafin yara a 1974, Nijar ta ƙaddamar da nata a 1987, daga nan ya zama dole kowace likitar karkara ta mallaki abin sanyaya magani.

To, ina wutar? Yawancin ƙauyuka ba su da ita, saboda haka aka kawo firigo mai aiki da kananzir. Abin mamaki ne ga wanda bai taɓa gani ba: a kunna wuta a ƙarƙashi, sanyi ya fito a ciki. Irin wannan firigo ba shi da inji. Zafin harshen wutar ne ke zagaya da ruwan amoniya cikin bututu. Ba shi kuma da na'urar da ke daidaita sanyi da kanta. Manjo, wato shugaban likitar, ko mataimakinsa, shi ne na'urar. Zai datse lagwani, ya tace kananzir, ya share hayaƙin bututu, ya tabbata firigon bai karkace ba, sannan ya duƙa ya leƙa launin wutar. Shuɗiya, lafiya lau. Idan ta yi rawaya tana hayaƙi, akwai magana. Safe da yamma, har ranar Juma'a da ranar salla, yana karanta ma'aunin zafi ya rubuta a takardar da ke manne a jikin firigon.

A nan gizo ke saƙar. Takarda takan cika da lambobi masu kyau, 4, 5, 5, 6, alhali ba wanda ya san abin da ya faru da tsakar dare. Ma'auni mai hannu irin na agogo kuma, wanda aka fi rabawa a wancan zamani, yakan kauce wa daidai idan ya tsufa ko ya faɗi ƙasa, ya ci gaba da nuna lamba ba tare da alamar ya lalace ba. Shi ya sa masu sa ido daga gunduma suke zuwa da nasu ma'aunin, su ajiye shi gefen na likitar, su rufe ƙofa, su jira kafin su gwama.

Darasin da aka fi jinkirin ganewa shi ne, a ƙasar zafi sanyi ma yana ɓarna. Ma'aikacin da ke tsoron bazara yakan ɗaga wuta, ko ya murɗa maɓallin firigon gas zuwa ƙarshe. Sai hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, dare ya yi sanyi, allura ta daskare. Ta shan inna da ake ɗigawa a baki ba ruwanta da ƙanƙara, amma ta ciwon hanta da ta sarƙewar haƙora, da allurar nan mai kare cututtuka 5 da Nijar ta soma a 2008, da zarar sun daskare ƙarfinsu ya tafi, ko da sun narke sun koma kamar ba abin da ya same su. Dabarar ganewa ita ce a daskarar da kwalba ɗaya da gangan, a narkar da ita, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su gefe da gefe. Idan garin da ke cikin wadda ake zargi ya kwanta da sauri irin na daskararriyar, zubarwa ake yi.

A 1996 kwalbar da kanta ta soma ba da shaida. An fara manna wa allurar shan inna wani ɗan tambari, murabba'i mai haske cikin da'ira. Duk zafin da kwalbar ta sha yana ƙara duhunta murabba'in, ba ya kuma komawa. Ranar da launinsa ya kai na da'irar, aikinta ya ƙare. Masu rigakafin da ke bin gida gida a ƙauyukan bakin iyakar Najeriya sun ci moriyarsa ƙwarai. Sai dai tambarin bai san daskarewa ba. Wannan giɓi ne ƙananan na'urori masu batir, irin su Fridge-tag, suka cike: suna riƙe tarihin kwana 30, suna nuna gargaɗi idan zafi ya wuce digiri 8 har awa 10, ko sanyi ya sauka ƙasa da sifili da rabin digiri har awa guda.

Yau firigo mai hasken rana yana ta maye gurbin na kananzir, kuma ya nuna amfaninsa a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulki. Layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa shi ne jigon wutar Maraɗi da Damagaram. Duk da haka ba a soke rubutun safe da yamma ba, kuma daidai ne da ba a soke ba, domin sabuwar na'ura ma tana son mai sa mata ido.

Mai firigo ko na'urar sanyaya ɗaki a gida yana iya aron wannan hali. Lambobin 1 zuwa 5 ko 7 da ke jikin maɓallin firigo ba digiri ba ne, matakan ƙarfi ne. A nemi ma'auni na daban, a fara tsoma shi cikin kofin dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa: ya kamata ya nuna sifili. Sannan a ajiye shi kusa da na na'urar, nesa da rana da bango mai zafi, a ba shi kamar minti 20. Idan bambancin ya wuce digiri ɗaya ko biyu, a kira mai gyara.