Gyambon Kwanciya: Tarihin Juya Majinyaci da Abin da Ya Rage Mana a Kura da Bunkure

Maƙalarmu ta wannan makon ta shafi wani ciwo da ba a cika ambatonsa ba, a littafi ko a hira, domin yawanci a wurin da ake suturcewa yake fitowa. Shi ne gyambon kwanciya, mikin da ke ɓullo wa wanda ya daɗe a kwance ba ya iya juya kansa. Yana kama kwankwaso, ɗuwawu, dunduniya, allon kafaɗa da ƙeya, wato wuraren da ƙashi ya kusanci fata. Idan ya yi zurfi yakan kai har ƙashi, ya ruɓe, ya kashe mutumin da cutarsa ta asali ba ta kashe ba.

Mu da muka tashi a yankin noman rani ba sai an wahala wajen yi mana bayaninsa ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyo babban kanal ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir a Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan ƙaramar hanyar ruwa ta toshe, gonar da ke ƙarshenta ce za ta bushe. Haka jini yake ga fata. Nauyin jiki yana matse ƙananan jijiyoyin da ke tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa, naman wurin ya fara mutuwa cikin 'yan awoyi. Mai lafiya yana juyawa ko cikin barci. Wanda lakarsa ta taɓu, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya yi doguwar suma, sai dai wani ya juya shi.

Ɗan Adam ya daɗe da sanin haka. A ƙissar Ashabul Kahfi an ba mu labarin yadda ake juya su dama da hagu, malaman tafsiri kuma sun ce hikimar ita ce kada ƙasa ta ci jikinsu. Duk da haka likitocin Turai sun daɗe suna jayayya a kan musabbabin ciwon. A ƙarni na 19, shahararren likitan jijiyoyi na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya tafi a kan cewa lalacewar ƙwaƙwalwa ko laka ce ke haifar da gyambon kai tsaye, ya kuma ɗauke shi alamar ajali ya kusa. Illar wannan fahimta a fili take: abin da aka ce ba makawa, ba wanda zai tashi tsakar dare don hana shi. Florence Nightingale, wadda ta kafa tsarin jinya na zamani, ta ɗauki wata hanyar. A littafinta kan jinya na 1859 ta ɗora alhakin a kan yadda ake kula da majinyaci, ba a kan cutar ba.

An ɗauki shekaru kafin a tabbatar da ra'ayinta a aikace. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawan sojojin da suka samu rauni a laka ba su daɗe ba, gyambo da ciwon mafitsara ne suka riƙa ɗauke su. A 1944 Dakta Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Ya kafa doka: a juya kowane majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana. Mutanen da a da aka fid da rai da su suka rayu, har suka yi gasar harbin kibiya a 1948, gasar da ta zama tushen wasannin masu buƙata ta musamman na duniya.

A 1962 wata ma'aikaciyar jinya a Landan, Doreen Norton, ta fito da ma'aunin gano wanda ke cikin haɗari tun fatarsa ba ta fashe ba. Abubuwa 5 ake dubawa: ƙarfin jiki, hayyaci, iya tafiya, iya motsi a kan gado, da riƙe fitsari da bayan gida. Cikakken maki 20 ne, wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka sai a sa masa ido. A 1987 Barbara Braden da Nancy Bergstrom a Amurka suka kawo nasu ma'aunin, wanda ya ƙara da duba cin abinci da gogayyar fata da shimfiɗa. Daga Nightingale zuwa Braden, ba wani sabon magani ba ne ya canza al'amarin. Lura ce, da ƙayyade lokaci, da rubutawa.

To mu a nan fa? Titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Kura, da kakar tumatir kuma manyan motoci da babura ba sa yankewa. Wanda ya karye a baya ko a ƙugu yakan fara da Babban Asibitin Kura, daga nan a wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ƙarshe ya dawo gida ya ci gaba da kwanciya. Ga tsofaffinmu da hawan jini ya kayar. A duk waɗannan matakai, wanda ke kwana a gefen gado ɗan uwa ne: mata, ɗiya, ƙani. An tsara dokokin Guttmann da Norton ne a inda ma'aikata ke yin komai. A wurinmu mai jinya na gida shi ne hannun nas, amma da wuya a zaunar da shi a koya masa.

Ga shawarwarinmu. Na farko, a auna haɗarin kowane majinyaci ranar da aka ba shi gado, a rubuta a fayil. Na biyu, a maƙala takardar juyi a kan gado, da awa da ɓangaren da aka juya shi. Lokutan salla za su taimaka wajen tuni da rana, amma tsakanin isha'i da asuba akwai wajen awa 9, don haka sai 'yan uwa sun raba dare a tsakaninsu yadda manoma ke raba ranakun ban ruwa. Na uku, a duba fata da hannu. Littattafan jinya sun ce alamar farko ja ce da ba ta gushewa idan an danna, amma ja ba ta cika nunawa a baƙar fata ba. Abin nema a wurinmu shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri, ko zafi. Na huɗu, a koya wa mai jinya tun ranar farko: a kishingiɗar da majinyaci a tokare bayansa da filo, a sa wani filon ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa, a ɗaga shi da zani maimakon a ja shi, a sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe, kada fata ta kwanta a kan leda. Na biyar, a bar murza wurin da man zafi ko sifirit, a bar naɗa masa gammo, domin gammo kewayen wurin yake matsewa. Na shida, a kula da wake, ƙwai, kifi, nono da ruwa. Na bakwai, kowane ɗakin kwanciya ya riƙa ƙirga gyambon da ya fito a cikinsa duk wata, don gyara ba don neman mai laifi ba.

Saura namu aikin. Sau da yawa a labari akan kwantar da jarumi wata shida bai san inda kansa yake ba, ya farka garau kamar wanda ya tashi daga barcin rana. Wa ya juya shi? Wa ya wanke zanin? Matar da ke tashi ƙarfe biyun dare ta tallabi mijinta, ga kunya ga gajiya ga kuɗin filo, ita ma jaruma ce, kuma mai karatu zai koyi abin da zai ceci mahaifinsa daga gare ta. Wanda zai gwada alƙalaminsa a wannan makon, ya rubuta mana shafi ɗaya a kan daren mai jinya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da su da alheri.