Ba kowane jan ido ne Afolo ba

Jama'a, kwanan nan a nan Matsinkai duk yaron da idonsa ya yi ja yana kwantsa, sai a ce "ai Afolo ne, zai wuce". Ku bari in ɗan ja ku baya.

Afolo baƙo ne. A Ghana ya ɓulla a 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Bairos ke kawo shi, cikin mako ɗaya ko biyu ya tafi.

Amma akwai ɗan gida da ya girme shi nesa ba kusa ba: amosanin ido, wanda likitoci ke kira tirakoma. Rubutun likitancin Misra na wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ambace shi. Ƙwayar kilamidiya ke haddasa shi, kuma sai a 1957 wani masani ɗan Sin, Tang Feifan, ya iya raba ta daban ya raya ta a cikin ƙwan kaza. Shi ma da jan ido da kwantsa yake farawa. Ƙuda, hannu da mayafin da ake share wa yara fuska ke yaɗa shi. Ya warke ya dawo, ya warke ya dawo, har cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya yana kartar ƙwayar ido.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, da matsefata take yawo a wuya, tana cire gashin idonta ɗaya bayan ɗaya. Muna yara mun ɗauka tsufa ne. Ta rasu ba ta gani.

Abin da ke taɓa ni shi ne maƙwabtanmu. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Jamhuriyar Benin ta kawar da wannan cuta a matsayin barazana ga jama'a, bayan Ghana a 2018 da Togo a 2022. Daga Tsamiya zuwa Segbana tafiyar nawa ce? Da abu huɗu suka ci nasara: aikin fatar ido, maganin azitromaisin, wanke fuska, da ruwa da masai. Mu ma an yi ta rabon maganin a Kebbi, amma ƙuda bai san kan iyaka ba, kuma magani ba ya haƙa rijiya.

Don Allah, in jan ido ya wuce mako biyu, ko ya riƙa dawowa, a je asibiti. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a makonni biyun farko, a kai shi ranar, a duba uwar da uban, don a wajen haihuwa yake ɗauka. A daina ɗiga fitsari ko ruwan sikari a ido.

Allah Ya tsare mana ganinmu, amin.