Masu Jajayen Riguna: Zaman Tsofaffin Sojoji a Gidan Chelsea

A gaɓar Kogin Thames, a unguwar Chelsea ta birnin Landan, akwai wani gida da ya haura shekara 330 yana karɓar tsofaffin sojojin Birtaniya. Kafin a gina shi, sojan da ƙarfinsa ya ƙare ko yaƙi ya nakasa shi, sau da yawa bara ce makomarsa. Sarki Charles na Biyu ya aza harsashinsa a 1682, yana koyi da irin wanda Sarki Louis na 14 ya gina wa nasa sojojin a Faris. Sai dai bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu a 1685. Ginin ya yi ta jan ƙafa, musamman saboda almundahanar ma'ajin kuɗin, Lord Ranelagh, har sai a 1692 rukunin farko ya tare.

Wanda ya tsara ginin, Christopher Wren, ya san tsofaffi yake yi wa aiki, don haka ya yi matakalan benen gajeru masu faɗi. Ɗakunan kwana kuwa ƙanana ne ƙwarai, ƙafa 6 tsawo, ƙafa 6 faɗi, an jera su a gefen doguwar baranda. A ganina, wannan ƙunci shi ya haifi zumuncin gidan. Wanda ɗakinsa bai wuce gado ba, dole ya fito baranda, a nan ake hira, a nan ake gane wanda bai tashi lafiya ba. Daga baya an faɗaɗa ɗakunan, yau kowa da makewayinsa, amma har yanzu a babban zaure ake haɗuwa cin abinci.

Sharaɗin shiga yana da nauyi: mutum ya sallama fanshonsa na soja, gida kuma ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura da magani. Mazauna kusan 300 ne, kuma sai a 2009 aka fara karɓar mata. Wasu na noma 'yan fulotai a lambu, wasu na zagayawa da baƙi suna ba su tarihin wurin. Tun 1913 ake baje kolin furanni na Chelsea a harabar gidan, inda jajayen rigunansu kan ja ido kamar furannin.

Babbar ranarsu ita ce Ranar Wanda Ya Kafa Gida, kusa da 29 ga Mayu, ranar haihuwar Charles. Bayan an ci shi da yaƙi a Worcester a 1651, a kan bishiyar oak ya ɓuya ya tsira. Shi ya sa a ranar ake ƙawata mutum-mutuminsa da ganyenta, kowane tsoho ya maƙala ganye a ƙirji. Masu ƙarfin tsayuwa su yi fareti a gaban wani ɗan gidan sarauta, waɗanda ƙafa ta gaza kuma a jera su zaune a gefen fili, cikin rigunansu da lambobinsu.