Komowar Kifi a Kogin Mersey: Tsabtar Ruwa Ce ko Zuba Iri?

Tsakure: Maƙalar ta bi diddigin farfaɗowar kifi a ruwan Manchester da Birmingham, ta kuma ƙi amincewa da masu ganin zuba irin kifi shi ne maganin mataccen kogi.

Duk inda kogi ya mutu, abin da hukumomi suka fi gaggawar yi shi ne sayo 'ya'yan kifi a zuba, domin aiki ne da ido ke gani. An gwada haka a kogin Thames tun daga 1979, aka shekara da shekaru ana zuba kifin samon. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2011 ya nuna cewa samon da ake gani a kogin a lokacin galibi baƙi ne da suka ratso daga wasu koguna, ba zuriyar waɗanda aka zuba ba. Masu kare zuba iri ba su ba da gamsasshiyar amsa kan wannan ba.

Nazarin wannan maƙala ya dogara ne ga binciken da jami'o'i suka buga da tarihin aikin tsabtace kogin Mersey.

A 1985, lokacin da aka ƙaddamar da gangamin Mersey Basin Campaign na shekara 25, ana lissafa kogin cikin mafi ƙazanta a Turai. Ruwan masaƙu da na bayan gida duk a cikinsa suke ƙarewa. Mashigin jiragen ruwa na Manchester, wanda aka buɗe a 1894, ya ƙara dagula lamarin: yana da zurfi, ruwansa ba ya gudu, taɓon ƙasansa kuma yana shanye iskar oksijin, musamman da zafi. Kifin da ya taso daga teku, ya wuce Warrington inda cikowar teku ke tsayawa, dole ya ratsa wannan ruwa kafin ya kai rafukan da zai yi ƙwai. Sai da aka kashe maƙudan kuɗi kan matatun ƙazantar ruwa, aka kuma fara hura oksijin a ruwan mashigin, a Salford Quays, a 2001. A shekarar ce aka tabbatar da samon a madatsar Woolston, daga baya aka sami 'ya'yansa a kogin Goyt. Babu wanda ya kawo su. Masana daga Jami'ar Exeter sun nuna a 2012 cewa daga wasu koguna suka ɓato, har da Ribble da ke maƙwabtaka. Ruwan ya gyaru, suka shigo da kansu.

Birmingham ba ta da teku kusa, amma labarin bai sauya ba: kogin Tame ya fara numfashi ne bayan gyaran matatar Minworth da haƙa tafkunan tace ruwa a Lea Marston a 1980.

Masu fatsa don nishaɗi, waɗanda sukan kama su saki, su ne idon kogunan nan. Ƙungiyar Salford Friendly Anglers ta faro tun 1817, ta Birmingham kuwa a 1883. Mutumin da ke zaune bakin ruwa da asuba shi ke fara ganin mataccen kifi, kuma kuɗin lasisinsa na shiga aikin kula da kifi. Duk wanda ya san abin da ruwan majemu ya yi wa Challawa da Jakara a Kano zai gane darajar irin wannan ido.

Dole a ce wani abu kan iyakokin nazarin. Rufe masana'antu ya zo lokaci guda da gyaran matatu, don haka raba tasirinsu da wuya. Samon ɗin Mersey har yanzu kaɗan ne, madatsu na tare masa hanya, ana kuma sakin ƙazanta idan an yi ruwa mai ƙarfi. A 2018 masana Jami'ar Manchester sun ƙirga ɓarɓashin roba kusan 517,000 a murabba'in mita ɗaya a Denton, cikin wani kogin Tame daban da ke malala zuwa Mersey.