Kwano a Bango: Jeren Amarya da Zanen Abinci

Wanda ya shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, shanu ne za su fara ɗauke masa hankali, don da su aka san ta. Amma in ya ratsa layin masu kwanuka, yakan ci karo da farantin ƙarfe mai fenti, irin wanda aka zana wa furanni da 'ya'yan itace a tsakiya. A ƙauyukan Kano, mutane da yawa a jikin irin wannan faranti suka fara ganin abinci a zane.

Su Turawa sun daɗe da al'adar zana abincin da aka ajiye a kan tebur. A ƙasar Holan, cikin ƙarni na 17, gwanintar mai zane ita ce ya sa fenti ya ruɗi ido, mutum ya ga lemon tsami kamar ya miƙa hannu ya ɗauka. A 1912 Pablo Picasso ya karya wannan ƙa'ida a birnin Faris. Ya zana kofin gilashi da wuƙa da yankin lemo, sannan ya liƙa ledar shimfiɗa tebur mai hoton saƙar kujera a jikin zanen, ya kewaye shi da igiya ta gaske. A shekarar ce kuma abokinsa Georges Braque ya manna takardar ado mai kama da katako a zanensa na kwanon 'ya'yan itace. Daga nan masu tarihin zane ke lissafa farkon gauraya fenti da kayan gaske. A 1960 Daniel Spoerri ya kai abin maƙura: in an gama cin abinci, sai ya manne kwanoni da cokula a inda aka bar su, ya ɗaga allon ya rataye a bango.

Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya san kwano a bango ba baƙon abu ba ne. Kafin zuwan Turawa, kayan ɗakin amarya ƙorai ne masu zane, da akushi, da faifai, da tasoshin tagulla ga masu hali, waɗanda maƙeran Bida suka yi suna da su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin ciniki suka biyo shi da kwanukan fenti daga ƙetare. Wajen shekarun 1960 an fara ƙera su a Legas da Kano, da hannun 'yan kasuwar Hong Kong a ciki. Sai kwalla da samira da langa suka ture ƙwarya daga gaban ɗaki.

Abin da mata suka yi da waɗannan kwanuka shi ne ya cancanci a tsaya a kai. Ranar jere, gwaggonni da yayyen amarya ne ke aikin. Babba a ƙasa, ƙarami a sama, har su kusa taɓa rufi. A ware ja gefe, shuɗi gefe, a sauke a sake in launi bai zauna ba. Ƙananan farantai kuma a kafe su a bango sahu-sahu, a tsakaninsu madubi ko faifai mai rini. Ƙasa, ƙarfe, fenti, gilashi da kaba, duk a fuska ɗaya. Magina ma suna da nasu: a tsakiyar ɗaurin gugan soro sukan dasa tasa, wanda ya ɗaga kai ya gan ta tana ƙyalli.

Ba na cewa Picasso ya koya daga matan Kano, babu wata hanya da ta haɗa su. Niyyar ma ta bambanta. Spoerri ragowar abinci yake so a gani, da dattin kwano. Kwanon jere kuwa ba a cin abinci a ciki, gogewa ake yi. Yana nuna irin gatan da yarinya ta fito da shi daga gidansu, kuma ajiya ce: ranar da wata lalura ta taso, ko aurar da 'ya ya zo, sai a sauke saiti ɗaya a kai wa dillaliya. Zane ne da ake iya cire masa ɓangare a biya bukata.

Inda abin ke min ciwo shi ne wajen adanawa. Kwanonin karin kumallon da Spoerri ya manne a 1960 suna gidan adana zane na zamani a birnin New York, da sunansa da shekara a jiki. Matan da suka yi jere babu wadda ta sa hannu, bangon kuma damina ta ci, ko an rushe an yi na siminti. Kabet ya shigo, tangaran ya maye gurbin kwalla, roba ta biyo baya. A Gidan Makama da ke Kano an shirya ɗakin amarya irin na da don masu ziyara, amma ɗaki ɗaya ba zai nuna yadda hannun wannan gari ya bambanta da na wancan ba. Sauran samirun kuwa, in tsohuwa ta rasu aka raba gado, mai rabo ya zama kwanon ba kaji ruwa, saura 'yan gwangwan su ɗora a sikeli.