Josef Gingold: Makaɗin Biyolin kuma Malami (1909–1995)

Josef Gingold makaɗin biyolin ne, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, kuma ɗaya daga cikin manyan malaman wannan kiɗa a Amurka a ƙarni na 20. An haife shi a 1909 a Brest-Litovsk, garin da ke ƙarƙashin daular Rasha a wancan lokaci, yau kuma yana cikin ƙasar Belarus. Iyayensa Yahudawa ne, suka yi ƙaura zuwa New York a 1920, inda ya yi karatu a hannun Vladimir Graffman. Daga nan ya wuce Beljiyam ya zauna gaban Eugène Ysaÿe, gwanin da ba a lissafa manyan makaɗan zamaninsa a tsallake shi. Almajirin irin wannan malami, abin da ake sa masa rai shi ne ya fito shi kaɗai a gaban jama'a, sunansa a saman takardar talla. Gingold bai bi wannan hanya ba. Ya koma Amurka daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, a 1937 ya shiga ƙungiyar makaɗa ta gidan rediyon NBC da aka kafa domin madugu Arturo Toscanini, a 1944 ya zama shugaban masu biyolin a ƙungiyar birnin Detroit, a 1947 kuma madugu George Szell ya ɗauke shi zuwa Cleveland a kan wannan muƙami, ya riƙe shi har 1960.

Shekaru 23 ke nan a cikin ƙungiya, kuma su ne tushen malantarsa, ko da yake ana yawan ɗaukarsu kamar zaman jira kafin ya fara aikinsa na gaskiya. Wanda ya san aikin shugaban masu biyolin ba zai yi wannan kuskure ba. Shi ne ke zama a kujerar farko, hagu da madugun ƙungiya. Shi ke tsara inda sandar gogawa za ta hau da inda za ta sauka, domin hannuwan mutum goma sha wani abu su tafi tare kamar na mutum ɗaya. Shi ke kaɗa duk wani yanki da aka rubuta wa biyolin guda a tsakiyar kiɗan taro, kuma idan madugu ya faɗi abin da yake so, shi ne zai mayar da maganar ta zama motsin yatsa da na hannu wanda sauran za su iya kwaikwayo nan take. Wannan koyarwa ce, ana yin ta kullum, kuma ga ƙwararru waɗanda ba sa karɓar gyara sai da hujja. Toscanini da Szell duka sun yi suna wajen tsanani da ƙin yarda da sakaci. Mutumin da ya yi shekaru 13 yana tsaye tsakanin Szell da makaɗansa ya koyi yadda ake gyara wa mutum kuskure ba tare da an karya masa gwiwa ba, kuma abin da ɗalibansa suka fi shaidarsa da shi ke nan bayan ya koma Jami'ar Indiana da ke Bloomington a 1960: haƙuri, fara'a, da kunnen da kuskure ba ya wuce shi.

Za a iya cewa ai duk wannan gadon Ysaÿe ne, ƙungiya ba ta ƙara masa komai ba. Gaskiya ne daga Beljiyam ya samo zaƙin sauti da salon tsofaffin gwanaye, kuma bai daina ambaton malaminsa ba har tsufansa. Amma Ysaÿe ya koyar da mutane da dama, kaɗan ne cikinsu suka zama malamai irin Gingold. Akwai kuma hujja a rubuce. Littafin da ya fi shahara da shi juzu'i uku ne da ya tattara wurare masu wuya daga manyan kaɗe-kaɗen ƙungiya, ya sa musu alamun yatsa da na sanda. Wanda bai zauna a kujerar ba ba zai san inda makaɗi ke tuntuɓe ba, balle ya nuna masa mafita.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ɗalibansa da suka yi fice dama hazikai ne, kuma ba shi kaɗai ya koyar da su ba. Jaime Laredo, wanda ya ci gasar Sarauniya Elisabeth ta Brussels a 1959, da Miriam Fried, wadda ta ci ta a 1971, dukansu sun yi karatu a wurin Ivan Galamian ma. Wannan haka yake, kuma ba daidai ba ne a ɗora nasararsu kacokan a kan mutum ɗaya. Sai dai a dubi inda almajiransa suka bazu. Joshua Bell, da ya zo masa yana ɗan shekara 12, ya zama tauraro mai kiɗa shi kaɗai. Joseph Silverstein ya shugabanci masu biyolin na ƙungiyar Boston daga 1962 zuwa 1984. Wasu da yawa, waɗanda ba a buga sunayensu a jarida, sun cika kujerun ƙungiyoyi da azuzuwan makarantu. Malamin da bai san komai ba sai fitowa shi kaɗai yakan ɗauki ɗalibin da ya shiga ƙungiya a matsayin wanda ya gaza. Gingold bai iya raina wannan aiki ba, domin da shi ya ci abinci, a cikinsa kuma ya yi suna, shi ya sa ajinsa ya amfani mai baiwa ta musamman da kuma mai neman sana'ar da zai riƙe iyali.

A 1982 ya jagoranci kafa gasar biyolin ta duniya a Indianapolis, wadda ake yi duk shekara huɗu. Ya rasu a Bloomington a watan Janairun 1995, bayan fiye da shekaru 30 yana koyarwa a can, kuma har yau masu shirin jarrabawar shiga ƙungiyoyin makaɗa suna aiki da juzu'an nan uku.