Kafin baki ya buɗe: yadda Shehu ke tsayawa gaban jama'a

Duk ɗan ƙasar Ƙonni ya san Galmi da albasa, ya san Malbaza da siminti. Amma nan kusa da Galmi akwai Maratta, ƙauyen da anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Tarihinsa da muke ji a makaranta na yaƙi ne: hijira zuwa Gudu a 1804, Tafkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Sai mu manta cewa kafin a zare takobi, mutumin nan ya yi kusan shekara 30 ba ya da makami sai tsayuwa gaban mutane. Tun wajen 1774 ya fara wa'azi a Degel, ya zaga Kabi, ya yi shekara biyar a Zamfara. Ni dai abin da ke ja na a wanga tarihi shi ne: yaya yake tsayawa?

Ɗansa Muhammadu Bello ya ba mu amsa a cikin Infaƙul Maisuri, littafin da ya rubuta a 1812. Bello ya lura cewa in mahaifinsa zai fita wurin wa'azi, yakan ɗan dakata a gefen gida, ya sabunta niyyarsa, sa'an nan ya nufi taro. In ya iso sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji. In ya hau mazauninsa ya gaida mutane sau uku, fuska a sake, yana murmushi, kana ya nemi a yi shiru. Kuma jama'ar ba masu sauƙi ba ne: wasu na surutu, wasu na jefo tambaya yana tsakar magana, amma ba a ganin gajiya ko ƙosawa a fuskarsa. Kun gani ko? Bai ce komi ba tukuna, amma ya riga ya gaya ma manomi da makiyayi cewa su mutane ne da sunka isa a dube su. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Don mu gane nauyin wanga abu, sai mu dubi fada ta lokacin. Can ma jiki na magana, sai dai wata magana ce daban. Talaka ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi, ya zuba ƙasa a kansa. Wannan al'ada ta daɗe a ƙasashenmu, don Ibn Baɗuɗa ya gan ta a fadar Mali a 1352. Littafin Kitabul Farƙi, wanda ake dangantawa da Shehu, ya lissafa ta cikin halayen sarautar da yake suka. Ke nan a fada jikin mai sauraro ake ƙasƙantarwa, a majalisin Shehu kuwa mai magana ne ke sassauta nasa jikin.

Sarakunan Gobir sun fahimci wannan harshe sarai. Wajen 1788, a sallar layya da anka yi a Magami, Bawa Jangwarzo ya raba ma malamai kyauta. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta, ciki har da a girmama duk mai rawani. Hannun da ya ƙi miƙewa gaban taro ya fi doguwar huɗuba. Daga baya Sarki Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Me ya sa sarki zai ji tsoron ƙyalle? Don ya san ƙyallen na shela ko da baki na rufe.

Yanzu mu dawo kanmu. A tarurrukan horar da matasa za ku ji ana cewa kashi 93 cikin 100 na saƙo ba a kalmomi yake ba. Lissafin ya fito ne daga binciken Albert Mehrabian na Amurka a 1967, wanda ya auna yadda ake gane so ko ƙi in an furta kalma guda da murya ko fuskar da ba ta dace da ita ba. Ba wa'azi ya auna ba, ba jawabi ba. Shehu kansa ya rubuta littattafai masu yawa, ya yi waƙoƙi da Fulatanci don saƙo ya kai ga wanda bai iya Larabci ba. Murmushi buɗe ƙofa yake yi, ilimi ne ke shiga.

To mu fa? Ɗalibi ya tashi gabatar da aiki, ya kafa ido ga takarda kamar mai neman allura. Ɗan ƙungiya ya karɓi lasifika, ya yi ta nuna mutane da yatsa, alhali ko a gida an hana mu nuna babba haka. Na farko ya manta akwai mutane, na biyu ya manta su mutane ne. Abu huɗu ne Bello ya gani ga mahaifinsa: dakata ka gyara niyya, gaida jama'a kana duban su, jira shiru, kar ka bari fuskarka ta ɓaci don an katse ka. Babu wanda ke buƙatar ko dala cikinsu, kuma wanda ya yi aiki da su ɗan Maratta ne.